Kashi Saba'in na Kawu Dudu

Sa hannun Dakta Andrew kaɗai ya rage wa Shamsiyya ta gama karatu, shi kuwa mutum ne da ko gaisuwa ka yi masa sai ya nemi madogara. Bincikenta a kan dokar hana kamun kifi da ƙaramar raga ne a tafkin Kainji, dokar da aka gina a kan magana ɗaya: kifi ya ragu da kashi saba'in cikin ɗari.

"Nemo mini tushen lambar nan," in ji Dakta.

Ta duƙufa. Mujallar farko ta ce daga rahoton wata ƙungiya ta ɗauko. Rahoton ya jingina da takardar wani taro, takardar taron kuma ta koma ta jingina da mujallar farko. Sai da idonta ya yi ja kafin ta tsinto wani ɗan layi a ƙasan shafi: hira da wani masanin harkar kamun kifi, Malam Dudu, Warra.

Dudu ɗaya ta sani a Warra, yayan innarta, wanda ko yawan jikokinsa bai taɓa ƙirgawa ba.

Ta same shi a bakin ruwa yana ɗinkin raga.

"Kawu, kai ka ce kifi ya ragu da kashi saba'in?"

"Ni na, ɗiyata. Wasu sunka zo da hwarar mota, wani yaro cikinsu ya nace sai na ba shi lamba. Baƙo ya taso tun daga birni, a bar shi ya koma hannu banza? Hamsin nis so ba shi, sai nig ga ya sha rana."

Dariya ta zo mata, takaici ya danne ta. A kan wannan karamcin aka ƙwace ragar mutanen Shanga da Ngaski, har da tasa guda biyu.

Ta rubuta komai, ta kai wa Dakta tana jin ta kamo giwan ruwa. Ya karanta, ya ture takardar gefe.

"A wace mujalla kawun naki ya fito? Hirar bakin ruwa ba madogara ba ce. Saba'in ɗin nan masana uku suka tabbatar."

Ranar Litinin ta mayar da saba'in inda take a cikin bincikenta, ya sa hannu. A jerin madogaran ɗaliban baɗi, ita ce masaniya ta huɗu.