Iskar Rana Tsaka

Jirgin ya yi tsalle sau biyu a kan titin sauka kafin ya nutsu. Ɗan Tela ya fito, gumi na tsiyaya daga cikin hularsa. Ƙarfe biyu na rana ne, lokacin da iska ke wujijjiga ƙaramin jirgin koyo son ranta.

Wata tara ke nan sunansa na can ƙasan jadawalin tashi. A makarantar matuƙa jiragen soja, tashin safe, sa'ad da sama ke kwance lumui, rabon masu uwa a gindin murhu ne. Shi kuwa keken ɗinki kaɗai ubansa ya mallaka. Abin na ci masa rai, domin makinsa kullum a baya yake, ga jarrabawar ƙarshe saura kwana uku. Wanda ya faɗi, sai gida.

"Oga, ko sau ɗaya a sa ni da safe mana," ya roƙi malaminsa.

"Ba ni ke rubuta takardar ba," in ji tsohon. "Ka daina kokawa da iskar, ka koyi halinta."

*

Ranar jarrabawa, motar babban jami'in da zai gwada su ta lalace a hanya. Sai ƙarfe ɗaya ya iso, ya ce ko ana ha-maza-ha-mata yau za a gama.

Iska ta taso ta gefe. Gwanin ajin, ɗan wani babba, ya zagaya sau uku ya kasa sauka, sai da jami'in ya karɓi tuƙin.

Da aka zo kan Ɗan Tela, ko gezau. Wannan iskar ai tsohuwar abokiyar faɗansa ce, ya san duk makircinta. Ya karkata fiffike, ya danna feda, tayoyi suka taɓa ƙasa kamar an ajiye ƙwai.

"Wa ya koya maka wannan?" jami'in ya tambaya.

"Jadawali, ranka ya daɗe."

*

A shago, Baba ya hana kowa taɓa rigar sojan ɗansa, shi zai ɗinka bajon fiffiken, shaidar cin jarrabawa, da hannunsa.

"Baba, da motar nan ba ta lalace ba fa? Akwai irina da yawa a ƙasan takardar."

"Su ma su ajiye zarensu a cikin allura," in ji Baba, "ba a san ranar da aiki zai zo ba."

Hannun tsohon na rawa, bajon ya ɗan karkace. Ɗan Tela ya gani, ya saka rigarsa a haka.