Hutun Angon Ƙarni

A garinmu na bakin tafki, da zarar ƙanƙara ta narke, kowane mai jirgin ruwa so yake a fara mayar da nasa cikin tafkin. To a daidai wannan rububin ne Marrit, matar Tjalling, ta haifi 'yarsu ta fari, Jildou. Haihuwar ba ta zo da sauƙi ba, sai da aka yi mata aiki. Aka sallamo ta daga asibiti da gargaɗin kada ta ɗaga abu mai nauyi, kada ta yawaita hawa bene.

Tjalling gyaran jiragen ruwa yake yi a wurin tsoho Auke. Su uku ne kacal: Auke mai wurin, da Fokke, wani tuzuru mai bakin tsiya, sai shi. Tun cikin yana ƙarami ya gaya wa maigidan zai ci hutun da doka ta ba uba. Auke ya ce, "Haƙƙinka ne, yaro. Ni wane ne da zan hana ka?" Kuma tsakani da Allah bai taɓa buɗe baki ya hana shi ba.

Kun san al'adarmu, wanda aka yi wa haihuwa shi ke kai wa abokan aiki biskit da man shanu, a barbaɗa masa 'yan alewa ruwan hoda in mace aka haifa. Washegarin dawowarsu, Hiske, matar da ke zuwa kula da mai jego a makon farko, tana haɗa ruwan wankan jaririya, Tjalling ya sa rigarsa mai kyau ya ɗauki faranti.

Marrit ta ce daga kan gado, "Ka ajiye musu ka juyo. Hiske za ta koya maka wanka, ka san ba daɗewa za ta yi da mu ba. In ta tafi kai ne hannuna."

"Ko zama ba zan yi ba," in ji shi.

Yana shiga wurin aikin Fokke ya daka ihu, "Ga angon ƙarni! Allah ya sa dai ba hancinka ta ɗauko ba, in ba haka ba ni da ita ne za mu tsufa ba aure."

Aka yi dariya, aka sha kofi. Auke ya ci biyu, ya share gemu, ya dafa ƙugunsa mai ciwo ya nufi injin ɗaga jirgi. Shi kuwa saukar da jirgi ruwa aikin mutum uku ne, ɗaya a kan inji, biyu riƙe da igiya gaba da baya. Fokke ya kama ta gaba. Ta baya tana ta lilo a iska, jirgin mutane yana neman bugun katanga. Ba wanda ya kalli Tjalling. Tsohon dai ya yi nishi ya ce, kamar da kansa yake, "Bari in sauko in kama, in ya so in sake hawa."

Wannan tsohon shi ya ɗauke shi aiki yana ɗan saurayi, lokacin da ba mai kallonsa. Tjalling ya ajiye faranti ya kama igiya.

Bayan wannan jirgin akwai wani, mai shi ma yana tsaye yana duba agogo. Sai yamma ya koma gida, riga duk baƙin mai. Hiske ta tafi, an yi wanka, Jildou tana barci. Marrit ta dubi rigar, ta juya fuska bango.

Washegari Tjalling ya ce mata rabin yini kawai zai yi a wurin aiki. Jibi ma haka. Kullum Auke sai ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Hutunka yana nan, ba inda za shi. Ka adana shi sai sanyi ya shigo, lokacin ba aiki, ka ci shi a tsanake." Da Tjalling ya kawo wa Marrit wannan magana, dariya ta yi har ɗinkin ya yi mata zafi.

"To sai ka gaya wa 'yarka ta tsaya haka, kada ta girma sai sanyi."

"Marrit, mu uku ne. In na zauna aikin ya tsaya."

"Mu ma nan mu uku ne," ta ce.

Ranar da Hiske za ta yi sallama, ranar aka saukar da jirgi na ƙarshe. Auke ya sauko daga inji yana murmushi, ya ɗaga murya don Fokke ya ji alherinsa. "Tafi gida, yaro. Kada in ga ƙeyarka a nan sai ka cinye hutunka tas!"

Tjalling ya taka keke kamar zai tashi sama. A ƙofar gida ya tarar da motar surukarsa Baukje, an cika bayanta da kaya, har da bahon wankan. Marrit tana zaune a gaba, an tokare mata ciki da matashi.

"Jiya na faɗi a matakala," ta ce, ba faɗa, ba hawaye. "Allah ya sa ba na riƙe da ita. Zan zauna wurin Mama har in warke."

"An ba ni hutun, Marrit. Yanzu ina nan."

"Na ji. Ka huta."

Ya roƙi a ba shi yarinyar ko na ɗan lokaci. Baukje ta miƙa masa. Bai san yadda ake tallafe kan ba, ya riƙe ta can nesa da ƙirji, Jildou ta tsandara kuka, fuska ta yi jawur.

"Kawo ta nan, Tjalling," in ji Baukje a hankali. "Ba ta san ka ba ne."

Motar ta bi gefen tafki ta ɓace. Ya shiga gida, ya zauna a kujerar kicin da takalman aikinsa a ƙafa, rana ko karkatawa ba ta yi ba.