Jan Bik na Mushe Ilyasu

Kwana goma sha ɗaya wasiƙar Tsahara tana hannun yayanta. Wai ana gyara!

Tsahara zogale take nomawa a Jiratawa, ta shanya, ta cika buhuna. Wata 'yar kasuwa daga Kumasi ta ɗanɗana kayanta a Maradi, ta ce ta rubuto mata da Ingilishi kafin ƙarshen wata, za ta kwashe duka. Tsahara ta harhaɗa ɗan Ingilishin da ta tsinta a lakwal, wato makarantar boko, layi shida. Amma a gidansu takarda ba ta fita sai ta bi ta hannun yayan nata, Mushe Ilyasu, malamin Ingilishi a Tsibiri. Ko katin suna ne sai ya sa masa jan bik, wato jan biro.

Ran nan hadari ya haɗo, buhuna sun fara jin danshi. Ta hau kabu-kabu rai a ɓace, ta same shi gindin itacen bedi, wasiƙar ta yi jajir kamar an yanka kaza a kai.

"Yaya, ba ni takardata."

"Ke dai gaggawa! Nan waƙafi ake sawa, ba aya ba. So kike a yi mana dariya a Gana?"

"A yi mana! Dariya tana ruɓar da zogale ne?"

Ta fizge ta, ta ɗauki hotonta da jan da komai, ta tura wa 'yar kasuwar. Ko zama ba ta yi ba amsa ta shigo. Matar ta ce ta yi haƙuri, shekaranjiya ta saya wurin Zakari. Zakarin da gonarsa ke jikin tata, wanda ko sunansa bai iya rubutawa ba! Hoton buhu ya tura da kalma uku da wani direba ya faɗa masa.

Tsahara ta ji kamar ta kurma ihu. Noman rani guda, ban ruwa tun asuba, duk a banza.

Mushe ya leƙo wayar, ya gyara tabarau.

"Kin gani ko? Ita ma ba ta fara da babban baƙi ba."

Tsahara ta janye wayarta.

"Gobe zan loda buhunan a babbar mota kamiyo, ni da kaina zan kai su Kumasi. In na faɗi, na faɗi."

"Da wane Ingilishin?"

Ta ajiye masa wasiƙar a cinya.

"Da nawa, Yaya. Naka ga shi nan, ka ci gaba da gyara."