Motar Baba Gado Mai Kujera Biyu

"Na ce maka ja ce," in ji Baba Gado daga kan tabarmarsa. "Ja wur, awa tattasai. Ci gaba da gogewa ka gani."

"Koriya ce, Malam," matarsa Inna A'i ta amsa daga bakin zaure. "Ni anka ɗauko cikinta tun daga Mungadi. Ina amarya a lulluɓe, amma ai ba makauniya nike ba."

Waliyyu bakanike ya ci gaba da aikinsa. Yana tsugune da sanfefa a hannu, yana goge ƙofar motar. Shuɗin fentin sama ya fita, ruwan ɗorawa ya bayyana, ƙarƙashinsa kuma ja. Tsohon ya miƙa wuya ya yi gyaran murya irin ta wanda ya ci gardama. Amma Waliyyu ya lura jan fentin buroshi ne, aikin bakin kasuwa. Ya ƙara gogawa a hankali. Sai ga kore mai duhu, sumul, kamar ganyen mangwaro da ruwa ya wanke.

Inna A'i ta gyara mayafinta ta koma ciki. Baba Gado ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidan Waliyyu da na tsohon a Jega, kuma tun kafin ya zama bakanike ya san motar nan. Baba Gado ya yi wa wani Baturen injiniyan hanya direba da ƙuruciyarsa, da zai koma ƙasarsu ya bar masa ita: 'yar ƙarama, ƙasa-ƙasa, kujera biyu, rufin tamfol mai naɗewa. Da iyali suka ƙaru, sai ya yanke bayanta ya kafa katako don ɗauko buhunan albasa daga Aliero. Injinta ya mutu aka sa na Fijo. Fitilu na Boswaja ne, bamba kuwa ta wata tsohuwar bas. 'Yan unguwa suka sa mata suna Kwaɗo. Daga baya ta kwanta a gindin dogonyaro, kaji suka mai da ita gidan ƙwai.

Bayan an sallamo Baba Gado daga asibiti a Birnin Kebbi, ƙafafu a kumbure, numfashi yana yi masa wuya, ya sa aka kira masa Waliyyu.

"Ina son in gan ta yadda anka ba ni ita," ya ce. "Ko sunanta ya ɓace mini. Mutum shi zauna da abu tsawon rayuwatai, shi mance sunanai?"

Babu tambari ko ɗaya da ya rage a jikinta. Sitiyarinta dai a hannun dama yake. Waliyyu ya warware robar tayan keke da aka nannaɗe shi da ita, sai ga wata alama a tsakiya mai kusurwa takwas da haruffa biyu da suka kusa shafewa. Ya ɗauki hotonta, da na wani ɗan ƙarfe mai lambobi da ya gani cikin boneti, ya tura wa Sa'idu, tsohon maigidansa da ke gyaran tsofaffin motoci a Kaduna. Da amsa ta zo, ya kunna muryar a kusa da kunnen tsohon.

"Wannan ai MG ce, ƙirar Ingila, motar gudu ta 'yan gayun da. Waliyyu, ka yi mata adalci. Kada ka bar mata injin Fijo."

"Em Ji!" Baba Gado ya buga tabarma da tafin hannu. "Haka Baturen shika kiranta. Em Ji."

Daga nan aikin ya shiga ran Waliyyu. Ya cire katakon, ya kawo mai walda suka sake fitar da bayanta suna duban hotuna a waya. Tsohon ya tuna ya taɓa ba wani abokinsa, Mu'azu, marfin but ɗin bayanta. Waliyyu ya hau babur har Aliero, ya tarar Mu'azu ya rasu, amma marfin yana nan, shi ne ƙyauren rumfar albasar 'ya'yansa. Da suka ji don wa ake nema, da kansu suka kwance suka ɗaure masa a bayan babur.

Inji ne ya tsayar da komai. Sa'idu ya ce za a samu na asali a Legas, a dai yi haƙuri. Waliyyu ya yi ta haƙuri, yana goge abin da ya riga ya goge.

Wata safiya yana shirin fita gareji, Inna A'i ta tare shi a ƙofar gida, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Waliyyu, mi kaka jira?"

"Inji, Inna. So nike a sa mata nata na asali."

"Jiya ko kunu bai sha ba," ta ce, tana kallon ƙasa. "Shi ba inji ya tambaye ka ba."

Ranar bai je gareji ba. Ya sauke kafireton Fijon ya wanke, ya canza fulogi, ya aro batir. Ran Alhamis bayan la'asar, da sauran warin sabon koren fenti a jikinta, ya murɗa makulli. Ta yi tari, ta girgiza, ta tashi.

Aka fito da Baba Gado a rirriƙe, cikin farar riga da hula. Ya zagaya ta yana dafa kafaɗar Waliyyu, yana shafa ta. Aka zaunar da shi mazaunin direba.

"Kira mini A'i. Mungadi za mu."

Ta fito da sabon mayafi ta zauna a gefensa. Ya kama sitiyari, ya ɗora ƙafa a kan kuloci. Ƙafar ba ta danna ba. Ya sake gwadawa, gumi ya keto masa a goshi. Inji yana ta yi.

Waliyyu ya sunkuya. "Baba, bari in kai ka, in dawo in ɗauki Inna."

"A'a," in ji tsohon. "Ba haka munka zo ba."

Waliyyu ya dubi kujerun nan biyu, ya dubi lungun. Sai ya miƙa hannu ya tabbatar giya tana firi, ya juya wajen dattawan majalisar ƙofar masallaci.

"Bayin Allah, ku kama mini."

Mai walda ya taso, mai shago ya taso, har ladan ya naɗe hannun riga. Suka dafa bayanta suka tura. Motar ta gangara lungun tana ruri, Baba Gado yana kauce wa kwata da hannu ɗaya kamar bai taɓa barin tuƙi ba. Mata suna leƙowa ta kan katanga.

"Malam, rage gudu mana," in ji Inna A'i.

"Ke dai riƙe mayahinki. Ko Maiyama ba mu kai ba."

Suka kai bakin titi, ya karya kwana da kansa, suka turo su har gindin dogonyaro. Ya daɗe a zaune kafin ya yarda a fito da shi.

Ran Litinin da hantsi Waliyyu yana ƙarƙashin wata tirela aka kira shi a waya. Aka ce masa tsohon ya ce a kishingiɗar da shi zai ɗan huta, bai tashi ba. Kafin azahar an kai shi. Waliyyu yana cikin waɗanda suka shiga kabarin suka karɓe shi. A makon ne Sa'idu ya bugo ya ce an samu injin. Waliyyu ya yi masa godiya, ya ce a bar wa wani mai buƙata.

Bayan an tashi zaman makoki lungun ya yi shiru. Wata yamma Waliyyu ya zo da tamfol zai rufe motar, sai ya ji muryar Inna A'i daga bayan labulen zaure. Tana takaba, ba ta fitowa.

"Waliyyu ne?"

"Ni ne, Inna."

"Kahin ka ruhe ta, ɗan tada ta in ji."

Ya ajiye tamfol ɗin. Bai shiga ya zauna ba, daga tsaye ya zura hannu ya murɗa makullin. Ya koma gefe ya jingina da bishiya. Ta ƙasan labulen yana iya hango yatsun ƙafarta a bakin dokin ƙofa, ba su motsa ba.