Shanyar Baba Kuku

Kwana goma sha tara Dakta ta yi a jirgin ruwa na masu bincike, tana jiran irin gajimaren da take so: ɗan ƙarami, mai yawo ƙasa-ƙasa a kan teku. Aikinta shi ne auna ɗigon ruwan da ke cikinsa, ta ga yadda yake girma har ya yi nauyin faɗowa.

Rana ta ashirin da hantsi, sai ga irin gajimaren a jere. Ta ɗaura na'urarta a jikin wani ƙaton balan-balan, ta saki igiyarsa ya tashi cikin gajimaren, ta zauna gaban kwamfuta.

Baba Kuku, mai dafa wa jirgin abinci, ya fito da bokitin wanki.

"Dakta, in yi shanya, ko mutanen naki za su yi mini ɓarna?"

Ta duba allo. Ɗigon ƙanana ne ƙwarai, sai an tara kusan miliyan guda kafin a sami ɗigon ruwan sama ɗaya.

"Shanya abinka, Baba. Waɗannan jarirai ne, ko rarrafe ba su fara ba."

Ya baza tawul-tawul da zannuwan gado, har da farar rigarsa ta fita gari.

Ba a yi rabin awa ba lambobi suka sauya. Wasu manyan ɗigo suka ɓullo cikin ƙanana. Ashe iskar da ke dukan teku tun safe ta kwashi ƙwayoyin gishiri ta yi sama da su. Ruwa ya manne musu da sauri, suka yi nauyi, suka gangaro suna haɗiye ƙananan da ke hanya.

Yayyafi ya sauko. Dakta ta miƙe tana tsalle.

"Gishiri ne, Baba! Wallahi gishiri ne!"

"Gishirin wa? Nawa yana kicin a rufe." Ya ɗaga rigarsa tana ɗiga. "Jarirai, ko? To ga shi sun yi mini fitsari."

Dariya ta hana ta ba da haƙuri yadda ya kamata. Ta kama masa suka kwashe kayan, tana matsewa tana leƙen allo, don shekara uku tana neman wannan awon.

Da rana ya zuba mata abinci fuska a murtuke, amma ya ƙara mata nama. Igiyar shanya kuwa, ɗakin inji ya mayar da ita.