Sunan 'Yar Fari

Har gobe in na tuna Malam Sada sai na ji abinci ya fita raina, ko da kuwa tuwon biki ne a gabana. Shekara ta kai arba'in da yin abin, amma ban huce ba, kuma ba na neman in huce.

Bazarar da sanƙarau ya shigo mana Dudunni, babu unguwar da ba a yi makoki ba. Ana cikin haka aka yi shela a kasuwar Kusada cewa wani likita Bature ya sauka a Kankiya da sabon magani, yana neman mutum talatin ya gwada a kansu. Mutane da yawa suka noƙe, suka ce Nasara ba ya kiran talaka don alheri. Yayata Kubura kuwa ba ta tsaya sauraron kowa ba, don 'yarta Hadijatu kwana biyu ke nan wuyanta ya sanƙare, ko magana ba ta iyawa.

Hadijatu ita ce 'yar farin Kubura. Uwa a wurinmu ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta nuna shi a bainar jama'a ta ce nata ne. Shekara goma sha huɗu ban taɓa jin sunan nan a bakin Yaya ba, sai dai "waccan" ko "yarinyar nan". Kakarta ce ta riƙe ta, sai da tsohuwa ta rasu ta dawo ɗakin uwarta. Mijin Kubura ya tafi ci-rani, don haka ni na ɗora yarinyar a jaki muka kama hanya.

Mun isa Kankiya da hantsi. An kafa rumfa an kewaye ta da zana, Bature na zaune a ciki da akwatinsa, gefensa kuma malamin da ke rubuta sunaye yana yi masa tafinta. Shi ne Malam Sada, ɗan garin Tafashiya, mun san gidansu sarai. Wani dogari ya tare ni a ƙofa.

"Maza da jakuna baya! Majinyaci da mutum guda kaɗai za su shiga."

Na ce masa ni ne kawunta, a bar ni in shiga in yi magana. Ya ɗaga mini bulala. Sai na koma jikin zana na sa ido ta wata kafa, ina gani ina ji.

Ƙa'idar likitan ita ce ba ya ba yaro magani sai uba ko uwa sun faɗi sunansa, sun ce nasu ne, sun dangwala yatsa a takarda. An riga an rubuta mutum ashirin da tara lokacin da layi ya zo kan Kubura, tana durƙushe da yarinyar a jikinta.

Malam Sada ya ce, "Ke, mi sunanta?"

Kubura ta sunkuyar da kai. Ga maza, ga dogarai, ga matan garuruwa duk sun zuba mata ido.

"Ɗiyarki ce?"

Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce a hankali, "Ta gidanmu ce, Malam."

Duk wanda aka haifa a ƙasar nan ya san abin da wannan amsa take nufi. Matan da ke bayanta sun gane, har wata ta ce, "Ɗiyar hwari ce, bawan Allah." Shi ma Malam Sada ya gane, mutumin da uwarsa har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunansa ba. Kalma biyu zai gaya wa Bature a wuce wurin. Amma ina, ya sa farar riga ya rataya alƙalami, kunya yake ji ya bayyana wa maigidansa al'adar ƙauyawa. Ya juya ya yi wani guntun Turanci, Bature ya girgiza kai, ya yi nuni da hannu a kawo na gaba.

Na yi ihu daga bayan zana, "Hadijatu sunanta! Ga uwarta nan!" Bulala ta sauka a gadon bayana. Kafin in miƙe, wani mutum ya dangwala yatsa, talatin ta cika.

Da Kubura ta ga ana rufe littafi, sai ta tashi tsaye, mayafi ya faɗi, ta ɗaga murya yadda ban taɓa ji ba: "Hadijatu! Ɗiyata ce, ni na haihe ta!" Wasu mata suka kama baki.

Malam Sada ya ce maganin mutum talatin aka kawo, ba ƙari. Sai ya jawo wani littafi dabam ya rubuta sunan, ya sa ta dangwala yatsa. Muka ɗauka layin gobe ne, har na yi masa godiya, wauta ta ishe ni. Ashe littafin waɗanda ba a ba magani ba ne, don likita ya auna su da waɗanda aka ba, ya ga ina aka fi mutuwa. Wata mata ce ta fahimtar da mu bayan mun kwana biyu a gindin rumfar muna jiran kira.

Muka juyo gida. Yarinyar ta cika ranar Talata, muna shiga Dudunni.

Bayan kwana goma sai ga Malam Sada a kan keke, da littafin nan a ɗaure a baya, yana bin gida gida yana cike aikinsa. Ya yi sallama a ƙofarmu, ko gaisuwar kirki babu, ya buɗe shafi ya ce yana tambayar wata yarinya ce, ta tashi ko ba ta tashi ba. Na miƙe zan shaƙe shi, Kubura ta fito daga cikin gida ta riƙe mini hannu.

Ta dube shi ido cikin ido ta ce, "Hadijatu kake nema. Ni ce uwarta. Ta rasu ran Talata. Akwai sauran abin da kake so in hwaɗi?"

Ya yi ɗan zane a gaban sunan, ya busa tawada ta bushe, sannan ya duba suna na gaba, ya tambaye ni ina ne gidan Dawuda maƙeri.