Ɗanyen Itace a Gidan Mama

A Bothwell, ƙauyenmu mai tsananin sanyi, itacen da za ka ƙona bana, tun bara ake sare shi. Kowa ya san haka, har ni Kelvin da ban yi nisa a boko ba. Sai dai lokacin sara ina kwance, reshe ya karya mini ƙugu. Da na miƙe, rumfar itace wayam. Na sari ɗanyen itacen turare na jibge.

Ɗanye ba ya ci. Sai tsiyayar ruwa da hayaƙi, gilashin murhun ƙarfen da ke ɗumama mana gida ya yi baƙi ƙirin. Mama tana zaune da riguna uku tana tari.

Yayata Noelene ta bugo waya daga birnin Hobart. Ta ce ranar Lahadi za ta zo, in ta tarar da gidan da sanyi, Mama ta koma gidan tsofaffi, an riga an samo gado.

Mama ta ce, "A ɗakin nan na haife ku. Gawata za a fitar."

Safiyar Lahadi na ɓalle katakan shingen tsohon garken tumakin Baba, busassu ƙayau, na cika murhu. Kafin azahar ƙarfen ya ɗau zafi, Mama ta tuɓe riga biyu, har gurasa ta gasa.

Noelene ta shigo tana fifita da hannu. "Kai, Kelvin! Gasa tsohuwar za ka yi?"

"Ke dai ba a iya miki, Yaya. Sanyi laifi, zafi laifi."

"Zauna ki sha shayi, sarkin bincike," in ji Mama.

Ta sha. Har dariya muka yi. Na ce a raina mun tsira.

Da za ta tafi sai ta bi ta bayan gida. Ta tsaya gaban rumfar, ta ɗauki guntaye biyu ta gwara su, yadda Baba ya koya mana. Busasshe ƙara yake yi ƙwal. Waɗannan suka ce dim. Ta canza wasu. Dim. Sannan ta juya ta ga garken da babu gefe ɗaya.

"Saura gefe nawa, ɗan'uwana?"

"Uku."

"Yanzu aka shiga Yuli, sanyi bai ko yi rabi ba."

 Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Ta ajiye itacen a hankali ta kakkaɓe hannu.

Ranar Laraba ta dawo da akwati. Mama ba ta yi gardama ba, tarin ya cinye ƙarfinta. A bakin ƙofa ta waiwayi murhun ta ce mini, "Kada ka bari wutar ta mutu."

Itacen zai bushe baɗi, ya ci da kyau. Gadon can na gidan tsofaffi kuwa ban taɓa ganin wanda ya dawo daga kansa ba. Na rufe ɗakinta don kada zafi ya ɓata, na ɗauki guduma na nufi garke.